Hannuwan da Suka Nome Gonata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, Wanda yake ciyar da tsuntsu a sama da tsutsa a ƙarƙashin ƙasa, ba tare da ɗayansu ya san ta inda abincin ya biyo ba. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ni Muntari, mafi ƙanƙanta a cikin ɗaliban zauren Shehinmu, ina so in rubuta abu guda daga cikin abin da Allah Ya nuna mini na karamomin malaminmu, masanin Allah, mai tsantseni, mai gudun duniya, kogin fiƙihu da tauhidi, wanda ya zauna a ƙauyenmu kusa da Tarai ta ƙasar Kibiya sama da shekara hamsin yana karantar da manya da yara, Allah Ya haskaka makwancinsa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin tun yana raye ya hana mu ɗaukar sunansa muna yawo da shi. Malamai masu furfura sukan taso daga Rano da Rurum Tsohon Gari da littattafansu a gafaka, su durƙusa a gabansa da mas'alar da ta gagare su, ya warware musu ita da 'yan kalmomi, sannan ya tambaye su lafiyar iyali. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ban taɓa ganin ya ci abin da bai san asalinsa ba, kuma har ya doshi shekara tamanin bai daina leƙa 'yar gonarsa ta bayan masallaci ba.

Ni kuwa, in faɗi gaskiya, ba neman ilimi kaɗai ne ya zaunar da ni a gabansa ba. Shekara goma sha ɗaya ina zuwa zauren ban wuce ƙananan littattafai ba, saboda Allah Ya yi ni mai gaggawa da zafin kai, da ƙyar nake iya zama wuri ɗaya har a shafa fatiha. Tun ina yaro nake jin ana raɗe-raɗin cewa Malam yana da rauhanai masu yi masa hidima, ni kuma na ƙwallafa rai sai na ga wani abu da idona. Amma kullum na je, abin da nake tararwa tsoho ne a kan buzu, da carbi a hannu, da buta a gefensa.

Da aka dawo mulkin siyasa, aka kuma ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, sai na sami abin da ya dace da halina, na tsunduma ciki har wuya. Babu taron da ba a ganina, babu lasifikar da ban karɓa ba. A zaɓen shekarar 2007 garinmu ya rabu biyu, ina wannan jam'iyya, Zailani yana waccan. Zailani abokina ne tun muna kiwon awaki, gonarsa tana gaba da tawa a kan hanya ɗaya. Ranar zaɓe, a cikin layi, a gaban manya da yara, na nuna shi da yatsa na kira shi munafuki maƙiyin Shari'a, na ce ya sayar da addininsa a kan sabulu da turmin atamfa, na kuma haɗa da duk wanda ke tare da shi. Ya dangwala ƙuri'arsa ya tafi. Dama tun daminar da ta wuce na daina zuwa gayyar duk wanda ba namu ba, alhali kowa ya sani a ƙasarmu gayya ramuwa ce, wanda bai kai fartanyarsa gonar mutane ba, ba shi da bakin kiran tasu.

Ruwan shuka ya sauka a ƙarshen watan Mayu, na shuka dawa da gero, bayan kwana biyu na hau babur na tafi Rano wurin murnar rantsar da sababbin shugabanni. A hanyar dawowa babur ya zame da ni a cikin taɓo, ya danne mini ƙafar dama, na ji ƙarar karyewar ƙwaurin da kunnena. Aka kawo ni gida a kwance. Mika'ilu mai ɗori ya zo ya ja ƙafar har na kira sunan mahaifiyata, ya jera mata itace ya ɗaure, ya ce kwana arba'in kada tafin ƙafar nan ya taɓa ƙasa.

Tun bai fita daga zauren ba hankalina ya tafi gona. Gona ɗaya gare ni, ita ce tuwon matata Maijidda da 'ya'yanmu huɗu, dukkansu ƙanana, da tsohuwar mahaifiyata. Rumbu ya kusa kaiwa gindi. Nan da mako biyu shuka za ta nemi noman farko, kuma gonar nan na san ta, ciyawar harkiya gare ta mai naci, idan aka bar ta ta rufe tsiron dawa, to, a manta da girbi a wannan shekara. Ba ni da ɗa babba, ƙanena yana Kudu, abin da zan ɗauki 'yan ƙwadago da shi kuma na ƙarar a yawon siyasa.

Maijidda ta tsuguna a bakin ƙofar cikin gida ta ce, "Maigida, ka aika a kira gayya mana. Mutane ba za su ƙi ba."

Na ce, "In kira wa? Waɗanda za su zo su tsaya a kaina suna dariya? Gara ciyawar ta cinye."

Ta koma ciki, na ji tana jan hanci a bakin murhu.

Na sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, domin ɗaki ya yi mini ƙunci. Ban san akwai azabar da ta kai ta mai gaggawa a ɗaure ba sai a waɗannan kwanaki. In juya dama, ƙafa ta hana, in juya hagu, ta hana. Kowace safiya ina jin takun masu tafiya gona, ina jin fartanya tana karo da fartanya a kafaɗunsu, sai in ji kamar in tsinke ɗorin in bi su da rarrafe. Kulu, wata tsohuwa maƙwabciyarmu, sa'ar kakata, takan shigo da kofin kunu tana tsokanata, wai mijinta ya je neman kujera ya dawo da tabarma. Manu, wani Bafulatani da rugarsu ke gefen gari, yakan biyo da ƙwaryar nono, ya ce yana haɗa ƙashi. Nakan karɓa in sha ba tare da na dubi fuskar mai bayarwa ba, domin idona yana kan ƙofa, Malam nake jira.

A rana ta huɗu bayan la'asar ya zo, yana dogara sandarsa, Allah Ya ƙara masa yarda. Ya zauna a gefen tabarma ya ɗora tafinsa a kan ɗorin, ni kuma tun bai gama yi mini sannu ba na kama gefen rigarsa.

"Allah gafarta Malam, shekara goma sha ɗaya ban taɓa roƙonka komai ba. Ka roƙa mini Allah ƙashin nan ya haɗe cikin mako guda. Gonata za ta mutu."

Ya ce, "Ƙashi yana da kwanakinsa, Muntari. Ita kuma gonar tana da Mai ita."

Ya ɗaga hannu ya yi addu'a gajeriya, wadda ba ta kai tsawon da nake so ba, ya shafa, ya ce, "Za a nome ta kafin dawa ta kai gwiwa, in sha Allahu."

Na ce, "Wa zai nome ta, Malam?"

Ya ce, "Hannuwan da Allah zai aiko." Ya miƙe ya ɗauki sandarsa ya fita.

Wannan kalma ta hannuwa ita ce ta hana ni sukuni. Na juya ta a zuciyata kwana da kwanaki, kuma tun da na riga na yanke cewa babu ɗan Adam a garin nan da zai taka gonata da alheri, sai na kai ta inda raina yake so tun ina yaro.

A kwana na goma sha biyu Kulu ta shigo, dama takan bi ta hanyar gonata neman ganyen miya, ta ce, "Kai mijin banza, wa ka ɗauka aiki? Na ga an nome kunya bakwai ta gefen hanya."

Na ce ban ɗauki kowa ba. Kashegari ta ce an ƙara, amma ba daga inda aka tsaya ba, an taɓa ta wajen ɗorawa, an taɓa ta gefen burtali inda shanu ke wucewa. Jibi haka, gata haka. Ni manomi ne, na san mutum idan zai yi noma daga gefe ɗaya yake kamawa ya bi kunya har ya fita. Wannan kuwa nan uku, can biyar, can biyu, kuma babu wanda ya ce ya ga mai yi. Sai na yi kabbara da ƙarfi har Maijidda ta fito a guje.

Na ce wa Kulu, "Iya, rauhanan Malam ne! Wallahi su ne!"

Na ga fuskarta ta canza, ta dafe ƙirji ta ce, "Inna lillahi. Ashe da su nake..." Sai ta haɗiye sauran maganar, ta ɗauki kofinta ta fita. Murna ba ta bar ni na tambaye ta abin da take nufi ba.

A daidai kwanakin nan Malam ya tafi Rurum ta'aziyyar wani abokin karatunsa, babu mai taka mini burki. Duk wanda ya shigo duba ni sai na zaunar da shi na ba shi labari, kuma kowace rana labarin yana ƙara ƙiba. Da ma a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai na riƙa cewa mutanen garin nan sun zuba ido su ga na wulaƙanta, Allah Ya aiko mini da ma'aikatan da ba su da katin zaɓe, ba sa cin tuwon gayya, ba sa jiran a gode musu. Na faɗa a gaban waɗanda na san za su kai wa su Zailani, don su kai ɗin na faɗa. Allah Ya yafe mini, na ji daɗin faɗar maganar nan ƙwarai.

Kafin kwana uku labari ya game gari har ya kai Tarai. Mata suka hana yara bin hanyar gonata. Maza suka koma zagayawa ta wata doguwar hanya ta bayan rafi. Kulu ta daina zuwa neman ganye ta wajen, saboda haka na rasa mai kawo mini labari, sai da na matsa wa Mika'ilu mai ɗori, ya hango gonar daga nesa ya dawo ya ce, "Muntari, aikin fa kamar ya tsaya. Kwarin can na ƙasa duk yana nan, ciyawa ta fara fin dawa tsawo."

Kwarin nan shi ne zuciyar gonar, daga shi nake samun fiye da rabin abin da nake kaiwa rumbu. Aka kuma yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ina kwance ina jin ruwa a kan rufin zaure, ina ganin harkiya a zuciyata tana miƙewa. Na daina cin abinci, na yi wa Maijidda tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, na kori yara daga zauren. Rannan da hantsi na ja jiki na kama bango na miƙe, da niyyar ko da sanda sai na je, ƙafar ta yi wata irin suka da ta mayar da ni ƙasa ina gumi. Tsoro ya kama ni sosai, tsoron yunwa, da tsoron cewa na yi wa rauhanan laifi da na tona asirinsu.

Ranar da Malam ya dawo na aika Maijidda ta roƙi matarsa ta isar masa cewa ina cikin wani hali. Ya zo bayan la'asar kamar wancan karon. Na ce, "Allah gafarta Malam, ma'aikatanka sun yi fushi sun tafi. Ka ba su haƙuri su dawo."

Ya daɗe yana dubana, ba fushi a fuskarsa, sai wani abu mai kama da tausayi wanda ya fi fushi zafi. Ya ce, "Ba ni da ma'aikata, Muntari. Waɗanda aka aiko maka kuwa, kai ka kore su. Gobe bayan asuba za mu je gonar."

Kashegari gari na wayewa Manu ya kawo amalankensa na shanu, bisa roƙon Malam. Aka cicciɓe ni aka ɗora a kan buhu, Malam ya zauna a gefena. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Muna hango ɗorawar gonata Manu ya ja igiya ya tsayar da shanun, ya ce shi dai a nan zai tsaya, ba ya son ya sake shiga hurumin mutanen ɓoye.

Malam ya ce, "Ka sake?"

Manu ya sunkuyar da kai yana wasa da igiya. Malam ya ce ya kora shanun babu komai, ya kora yana karanta abin da ya sawwaƙa, har muka tsaya a bakin gonar ta gefen burtali.

Malam ya nuna ƙasa da sandarsa ya ce, "Kai manomi ne ɗan manomi. Karatun zaure ya yi maka wuya, to, karanta wannan."

Na leƙa daga kan amalanke. Kunyoyin gefen burtali an nome su sama-sama, sara ba zurfi, har an fille tsiron dawa biyu a cikin kuskure aka mayar aka dasa su a karkace. Wannan noman wanda ya fi sabawa da sanda ne a kan fartanya. Na ɗago na dubi Manu. Ya ce, "Kaɗo, ka yi haƙuri da dawar nan biyu. Idan na dawo da shanu da yamma sai in ga ciyawar, zuciyata ta ƙi bari in wuce. Uku-uku nake yi. Da na ji ka ce rauhanai sun zo gonar, sai na ce ashe sauran da nake gani nasu ne, na gudu."

Malam ya ce a matsa gaba. Ta wajen ɗorawa ba fartanya aka sa ba, da hannu aka tuge ciyawar aka tara ta tsibi-tsibi, amma duk inda lalo ya tsiro an bar shi tsaye, an ma gyara masa gindi. Babu namijin da zai bar lalo a cikin dawa, sai mai tunanin tukunyar miya. Nan na gane maganar da Kulu ta haɗiye. Muka bi gefen hanya, na ga noman mutum biyar ko shida daban-daban, wani mai faɗin sara, wani mai gajeren taku, kowa ya yi biyu ko uku a kan hanyarsa ta zuwa tasa gonar ya wuce, babu wanda ya san da ɗan'uwansa. Wasu na gane hannunsu, kuma galibinsu suna cikin layin da na zaga.

Amma fiye da rabin abin da aka nome hannu ɗaya ne, noma mai zurfi mai tsabta, kuma ƙasar duk an kwantar da ita ta ɓangaren da ba a saba ba, sawun ƙafa ma yana ɗaya gefen kunyar. Noman bahago ne. A duk garinmu bahago ɗaya ne yake noma irin wannan, tun muna yara nake yi masa dariya a kai. Na bi kunyoyin da ido suna gangarawa kwari, na ga na ƙarshensu ƙasarsu ɗanya ce, ta yau. A can ƙasa cikin ciyawa, mutum ne a sunkuye ya ba mu baya, shi kaɗai, yana sara.

Manu ya gangara da amalanke. Zailani ya ji ƙarar ƙafar shanu ya ɗago, da ya ga Malam, sai ya ajiye fartanya ya durƙusa ya gaishe shi. Ni bai dube ni ba. Duk surutuna na duniya, da ƙyar na ce, "Zailani, ba ka ji abin da aka ce yana gonar nan ba?"

Ya ce, "Na ji. Na ce in suna nan su kama wancan gefen in kama wannan. Har yau ban ga sun taɓa komai ba."

Na ce, "Ka ji kuma abin da na faɗa a kanku?"

"An kawo mini har gida."

"To, me ya sa?"

Ya share gumi da bayan hannu, sannan ya dube ni karo na farko tun ranar zaɓe. Ya ce, "Dawar ba ta zage ni ba, Muntari. Yaran gidanka ma ba su zage ni ba. Amma ni kaɗai ba zan iya da kwarin nan ba, tawa gonar ma tana jira. Kwana biyu ya rage, in ba a gama ba, ka haƙura da shi."

Na fashe da kuka a kan amalanke kamar yaro, ba kunyar Malam, ba kunyar Manu. Na ce, "Allah gafarta Malam, yaya zan yi?"

Ya nuna mini bayan rafi da sandarsa. Mutane ne jere a kan doguwar hanyar da suka koma bi, fartanyu a kafaɗa, suna satar kallonmu daga nesa. Ya ce, "Allah Ya ba ka murya. Ka daɗe kana kashe ta a wani wuri."

Na gane abin da yake nufi, kuma wallahi sake karya ƙafar ya fi mini sauƙi. Na dafa kafaɗar Manu na ɗaga jikina, na buɗe maƙogwaron nan da ya saba da lasifika, na ce, "Jama'a! Ku tsaya don Allah! Ƙarya na yi muku! Babu rauhani ko ɗaya a gonar nan, ku ne! Ku kuka nome ta, ni kuma na zage ku! Ku yafe mini, ku taimake ni, kwarina zai mutu!"

Suka tsaya cik. Na sake faɗa har sau uku. Babu wanda ya motsa, kuma ban ga laifinsu ba. Sai Malam, Allah Ya saka masa da Aljanna, ya sauka daga amalanke a hankali, ya jingine sandarsa, ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗauki fartanyar Manu da ke kan amalanken, ya yi bisimilla ya sunkuya a kan kunyar da ke kusa da ta Zailani. Ganin farin rawaninsa a cikin ciyawa, sai mutum ɗaya ya tsallako rafi, sai biyu, sai duk layin ya karyo. Wani ya karɓe fartanyar daga hannun Malam yana cewa Allah Ya kiyaye su tsaya yana noma. Kafin rana ta ɗaga, mutum sama da talatin ne a cikin kwarin, 'yan wannan jam'iyya da 'yan waccan, ana ta tonon asirin juna da dariya, wannan ya ce ashe kai ne na gefen hanya, wancan ya ce kwana biyar yana kwana da ayatul kursiyyu saboda ya taka noman aljannu, ashe na surukinsa ne. Kulu ta iso daga baya tana faɗa tun daga nesa, wai na hana ta miyar lalo mako guda, kuma duk wanda ya sare mata shi sai ya biya.

Hadarin nan kuwa yana nan a kanmu, ya yi nauyi har iska ta fara kaɗawa da sanyi. Duk manomi ya san idan ruwa ya sauka a kan ciyawar da aka sare yanzu, sai ta sake kama ƙasa, wahalar ta tashi a banza. Mutane suka fara ɗaga kai suna duban sama. Na ga Malam a gindin ɗorawa ya ɗaga ido sau ɗaya, leɓɓansa suka motsa kaɗan, ya mayar da kai kan carbinsa. Hadarin ya tsaya inda yake kamar an ɗaure shi, can ya yi kudu, rana ta buɗe da zafi. Aka gama kunyar ƙarshe kafin azahar, ciyawar ta yini tana yaushi ta kwana ta sake yini, ruwa bai sauka ba sai yammacin kashegari. Wannan shi ne abin da mutanen ƙasarmu suke ba da labari har yau idan ana zancen karamar Malam, kuma ni shaida ne, a gabana aka yi.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a hanyar komawa gida. Tun a gonar na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya ko Malam ne ya sa su tun farko, kowa ya rantse bai taɓa yi masa maganar gonata ba, ya dai zo wucewa ne ya ji ba zai iya wucewa ba. Saboda haka da muka rage mu uku a kan amalanke, shanu suna tafiya a hankali, na ce, "Allah gafarta Malam, to, ashe addu'arka ce ta juyo da zukatansu."

Ya ce, "Na roƙa, kai ma ka ji. Amma tun kafin in roƙa ake aiko maka, safe da yamma, har cikin zaurenka."

Na ce, "To, me ya rufe mini ido ban gani ba?"

Ya ci gaba da jan carbinsa har muka wuce rafi. Sannan ya ce, a cikin muryarsa ta kullum, "Ka so taimakon Allah ya zo maka ba ta hannun kowa ba, don kada ka ce wa kowa na gode."

Da aka sauke ni a zaure, Maijidda ta kawo ruwa ta durƙusa ta miƙo mini, na karɓa da hannu biyu na dubi fuskarta na ce na gode. Ta tsaya tana kallona, ta ce ko zazzaɓi ne ya kama ni, domin shekara goma sha uku da aurenmu ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakina ba.

A wannan shekara kwarin ya ba da dawar da ta kai mu har wata kakar. Malam ya rayu shekara huɗu bayan haka, yana karantarwa a kan buzunsa har makon da ya koma ga Ubangijinsa, kuma bai taɓa tayar da zancen gonar nan ba ko sau ɗaya. Wannan kaɗan ne daga falalar wannan bawan Allah, fitilar ƙasarmu, mai haƙuri da wawayen ɗalibai irina. Ya Allah Ka jiƙansa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ɗaukaka darajarsa a cikin salihan bayinKa, Ka sada shi da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka saka wa duk wanda ya sunkuya a gonata da mafificin alheri, wanda na gane hannunsa da wanda ban gane ba. Mu kuma da muka rage, Ka ba mu albarkacin malaminmu, Ka yafe mana abin da harsunanmu suka ɓata, Ka cika mu da imani. Amin, ya Rabbal alamina.